Lalibela: Tarihin da ke Bayan Hoton Limamin Coci

'Yan uwana ɗalibai, da wuya a samu wanda bai taɓa cin karo da irin wannan hoto a mujallun yawon buɗe ido ba: dattijo lulluɓe da farin mayafi, riƙe da gicciye ko littafin fata, hasken safiya ya ratso ta 'yar taga ya sauka a fuskarsa. Galibi a Lalibela ake ɗaukarsa, a arewacin Habasha. Ni dai a ganina, hoton ya fi daɗin kallo ga wanda ya san tarihin wurin.

Coci goma sha ɗaya ne a garin, kuma ba gina su aka yi ba, sassaƙa su aka yi cikin dutse, daga sama zuwa ƙasa. Mutanen ƙasar suna danganta aikin ga Sarki Lalibela na gidan sarautar Zagwe, wanda ya yi mulki daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13. An ce bayan da Salahuddin ya karɓe Ƙudus a 1187, sai sarkin ya ƙudurta samar wa jama'arsa sabuwar Ƙudus a gida. Har yau akwai rafi a garin mai suna Yordanos. Sai dai masanin kayan tarihi David Phillipson yana ganin wasu daga cikinsu sun girmi sarkin da ɗaruruwan shekaru.

Da yake cocin suna cikin rami ne, tagoginsu kuma ƙanana, haske kaɗan ke shiga. Abin da ke ba hotunan kyau ke nan. Shi ne kuma ya sa baƙi da yawa ke kunna filasha, har wasu limaman suka koma sa baƙin tabarau a cikin coci don kare idanunsu.

Baƙi sun daɗe suna mamakin wurin. Francisco Álvares, wani fada daga Fotugal da ya je can a shekarun 1520, ya ji tsoron kada a ce ƙarya yake shirgawa. A 1978 hukumar UNESCO ta sa Lalibela cikin wuraren tarihi na duniya.

Amma hoto kan sa mutum ya zaci zamani bai taɓa wurin ba. A 1997 an sace shahararren gicciyen Lalibela, sai a Beljiyam aka gano shi. A 2008 an kafa rumfunan ƙarfe a kan wasu cocin saboda ruwan sama. A 2021 yaƙin Tigray ya iso har garin.

Don haka duk wanda Allah ya kai shi can, ya tuna cewa mutanen nan ibada suke yi. A cire takalmi, a nemi izini, a kashe filasha, a jira rana ta yi aikinta.