Kaboyin Tagulla da Aka Ƙera a New York

A 1895 ne Frederic Remington ya fitar da mutum-mutuminsa na farko, The Bronco Buster: kaboyi a kan dokin da ya yi tsaye da ƙafafun baya, hannu ɗaya riƙe da geza, ɗayan da bulala, ƙafarsa guda ta kuɓuce daga likkafa. Tsayinsa kusan santimita 60 ne kawai, amma dukan nauyin tagullar a kan ƙafafu biyu yake, abin da ya ba masana ƙira mamaki.

Shekarar ce abin lura. Tun bayan ƙidayar 1890 hukuma ta bayyana cewa babu sauran wata iyaka tsakanin matsugunai da dajin yammacin Amurka. Layin dogo da waya mai ƙaya sun riga sun kashe koren shanu daga Texas zuwa Kansas. Wato sai da kasuwa ta watse aka zo ɗaukar hotonta. Shi kansa Remington ɗan jihar New York ne. Kiwon tumakin da ya gwada a Kansas a 1883 bai daɗe ba ya sayar da gonar.

Masu saye, attajiran biranen gabas, sun karɓi wannan siffa a matsayin tarihi. A 1898 sojojin Theodore Roosevelt suka ba shi kyautar guda, daga baya wata ta shiga ofishin shugaban ƙasa. Sai dai makiyayan gaskiya, da yawansu baƙar fata ne da 'yan Meziko, talakawa masu aikin lada, kuma ba safai aka zuba fuskarsu a tagulla ba.