Shukar Gauraye da Yaƙin Ƙwari a Ƙasar Kano: Waiwaye Daga Gabas

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa abin da masana a yau suke kira haɗa shuke-shuke don kare su daga ƙwari tsohuwar al'ada ce a ƙasar Kano, ciki har da gabashinta, watau ƙasar Gaya da Ajingi, inda Gafasa take.

Manomin wannan yanki bai saba ware gona guda ga iri guda ba. A tudu yakan haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, wani lokaci a tsarin da ake kira gicci, inda layin hatsi yake ratsa kunyoyin gyaɗa. A garka da lambu kuwa sai a ga albasa da tattasai da kuɓewa da yakuwa wuri guda. Dalilinsa na farko shi ne in wani ya ƙi, wani ya yi. Amma akwai wata fa'ida da bai sa mata suna ba. Ƙwaron da yake neman iri guda yakan sha wuya kafin ya same shi cikin gauraye, sa'an nan irin wannan gona takan tara gizo-gizo da tururuwa da ƙananan zanzaro, waɗanda abincinsu shi ne tsutsa da darɓa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai hukuma ta ɗauki gauraye a matsayin ci baya. Malaman gona suka daɗe suna koyar da shuka iri guda a jere, daga baya kuma aka kawo magungunan feshi irin su DDT da Gammalin. Sai a wajen 1966 David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya shiga ƙauyukan Zariya yana auna abin da manoma suke samu. Ya tarar mafi yawan gonaki a gauraye suke, kuma gauraye ya fi riba a kowace eka, ya kuma fi tabbas daga shekara zuwa shekara. A ganina abin lura a nan shi ne sai da aka yi lissafi da alƙalami kafin a yarda da abin da talaka ya daɗe da sani.

A 1975, bayan farin 1972 zuwa 1974, darɓa ta yaɗa cutar kuturtar gyaɗa a Arewa, ta halaka kimanin hekta 700,000, kuma dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba. Irin wannan ta maimaitu ga tumatir. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ta haifar da filayen Kadawa, inda ake shimfiɗa tumatir zalla iyakar ganin ido. A 2016 tsutsar da manoma suka laƙaba wa sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina. Tana shiga cikin ganye ta ɓuya, saboda haka feshi bai cika kai mata ba, sai ya kashe ƙwarin da suke farautarta a sarari. Manomi ya ƙara magani, ita kuma ta saba da shi.

Ba za a ce gauraye yana maganin kome ba. Waken da ke ƙarƙashin gero ma tsutsa tana cin furensa, kuma baƙon ƙwaro yakan zo ba tare da abokin gabansa ba. A nan ne ilimin zamani yake da abin bayarwa. A 1981 cibiyar IITA ta Ibadan ta saki wani ɗan zanzaro da aka ɗauko daga Kudancin Amurka, ya shawo kan ƙwaron da ya addabi rogo a Afirka. Haka nan a wajen Maraɗi, tun daga 2006, masana suka riƙa raba wa manoma buhunan da ake kiwon wani zanzaron a ciki, don ya kashe murzuna, tsutsar da take cin zangarniyar gero. Geron Maraɗi da na Gafasa kusan ɗaya ne, haka ma ƙasarsu, kuma kayan aikin bai wuce ƙaramin buhu da ɗan tsaba da tsutsar da zanzaron zai hayayyafa a kanta ba.