Ciwon cikin da gwaji ba ya gani

1/ Shekara uku Innata a Dayi tana fama da murɗar ciki da kumburi. Yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita. Muka je gwaji Malumfashi, aka ce ba a ga komai ba. Maƙwabta suka ce sammu ne. Shi ya sa na bi tarihin ciwon.

2/ A ƙasan ciki ta dama, inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, akwai 'yar ƙofa mai hana abin da ya wuce komawa baya. Tun ƙarni na 16 Caspar Bauhin, likita a Basel, ya bayyana ta.

3/ Ciwon kuwa ya daɗe babu ma'aunin gane shi. Sai a 1978 Manning da abokan aikinsa a Bristol, Ingila, suka tsara alamominsa. Ƙa'idojin Rum suka biyo baya, na huɗu a 2016. Sunansa IBS.

4/ Yau wasu masana na zargin in ƙofar nan ta saki, ƙwayoyin babban hanji kan hauro su kawo kumburi.

5/ Jama'a, Inna ba raki take ba, ciwo ne mai suna. Amma in ka ga jini, rama ko zazzaɓi, maza asibiti.