Tukubar Mai Tsire da Takardun Talla a Gabashin Sakkwato

A ƙasar Amurka akwai mutanen da suka duƙufa ga tara tsofaffin littattafan talla na kamfanonin da ke ƙera murhun gashin nama, irin wanda George Stephen ya ƙago a kusa da birnin Shikago a shekarar 1952 aka sa masa sunan Weber, suna adana su kamar yadda ma'abota ilimi ke adana littafin da suka gada, domin a cikin hotunansu da farashinsu suna ganin yadda iyayensu suka rayu. Wanda ya ji wannan labari daga ƙasar Gandi, ko Rabah, ko Wurno, ko Goronyo, zai iya tambayar inda namu takardun suke, kuma amsar tana da alaƙa da gashin nama fiye da yadda ake zato.

Da fari dai, sana'ar gashi a wurinmu ba ta taɓa bukatar takardar talla ba. Tukuba ƙasa ce da toka da mai tsire ke tarawa da hannunsa, ya hura wuta a tsakiya, ya kakkafa tsinke kewaye da ita bayan ya tsoma naman a garin ƙuli-ƙuli da yaji, yana juyawa yana yayyafa man gyaɗa, har ƙamshi ya isa inda muryarsa ba za ta kai ba. Shelar nama kuwa tana hannun makaɗan kalangu, waɗanda tun da can suke tare da mahauta, ta yadda idan kalangu ya tashi a jajibirin kasuwa, kowane magidanci ya san Sarkin Fawa da jama'arsa sun samu sa mai ƙiba. Sauran haja tana da dillali da 'yan talla, kuma amanar dillali ita ce hujjar mai saye.

Tallar bugawa ta zo ne tare da kayan da ba su da dillalin da ya san asalinsu. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta bi ta Gusau ta kai Ƙaura Namoda a 1929, kantunan Turawa irin su UAC da John Holt da GBO suka yawaita sayen gyaɗa da auduga da fatar jar akuyar Sakkwato, suna kuma sayar da keken Raleigh, da keken ɗinki na Singer, da fitila, da risho, da sabulu, da atamfa. To, tun da yake maƙerin waɗannan abubuwa yana can nesa, ba a ganinsa balle a tuhume shi, sai tambari da hoto suka tsaya a matsayin shaidarsa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ta kai irin wannan talla har ƙauyuka, daga baya kuma, a zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fitar da jaridun larduna, Zaruma ce ta lardin Sakkwato. Galibi mutum ɗaya ke karantawa a zaure, malamin makaranta ko malamin hakimi, jama'a suna saurare, sa'an nan takardar ta zagaya hannu hannu domin a ga hoton keken, a ƙirga fam da sule da sisi, a auna da kuɗin gyaɗar bana. Kalandar kamfani ma takan daɗe a bangon shagon tela shekaru bayan kwanakinta sun ƙare, ta yi ja saboda hayaƙin fitila, ƙusa ta ci gefenta, amma ba a cire ta.

Sababin ɓacewar waɗannan takardu yana cikin wata ɗabi'a tamu wadda asalinta kyakkyawa ce. An tarbiyyantar da mu a kan cewa duk takardar da ke ɗauke da haruffan Larabci ana ɗaga ta daga ƙasa, a soke ta a jikin danga ko a ƙona ta, don gudun wulaƙanta sunan Allah, kuma da wannan ladabi ne wallafe-wallafen Shehu da Abdullahi da Muhammadu Bello suka tsira a cikin gafaka, har Waziri Junaidu da irinsa suka tattara su. Takardar boko ba ta samu wannan hurumi ba, musamman ta tijara, wadda ake ganin ba ta da wata alfarma bayan an karanta ta. Sai ta gangara wurin mai ƙosai da mai tsire, aka naɗe nama a cikinta, mai ya ratsa hoton keken da farashinsa, aka ci aka yar. Da masana'antar siminti ta Kalambaina ta fara aiki a 1967, takardar buhun siminti ta zama abin naɗin kilishi, amma jarida ba ta huta ba.

A ganina wannan hasara ce ta haƙiƙa, domin ruwayar baka tana riƙe sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma ba ta riƙe nawa aka sayi fitila a shekarar da aka haifi wane, alhali tarihin talaka yana cikin irin wannan lissafi. Abin da ya tsira yana Gidan Adana Takardu na Kaduna da Arewa House, saura kuwa yana manne a murfin akwatunan ƙarfe na tsofaffi, inda gara ba ta kai ba. Wanda ya ci karo da irinta ko da babu kwanan wata zai iya kintatar zamaninta: idan farashin yana cikin fam da sule, ta riga Janairun 1973 da aka shigo da naira, idan ta ambaci Jihar Arewa maso Yamma, tsakanin 1967 da 1976 aka buga ta, kafin a yanke Jihar Sakkwato daga cikinta.