Yadda Bakteriya Ke Sa Shinkafa Ta Buɗe Rumbunta

A Akokan, a arewacin Nijar, ba a noman shinkafa. Garin ya tsiro ne a gindin mahaƙar uraniyom ta Cominak, wadda aka rufe a ƙarshen Maris 2021, kuma duk buhun da ke kasuwarsa mota ce ta kawo shi daga nesa. Don haka cutar da ke cin gonakin rani na bakin kogin Isa, daga Tilaberi zuwa Gaya, in ta iso nan ta bakin farashi take isowa.

Cutar ita ce ƙunar ganye, aikin bakteriyar da masana ke kira Xanthomonas oryzae. An fara ba da rahotonta a Mali a 1979, kafin a gan ta a Nijar. Ta rauni take shiga, ko ta ƙananan kafofin ruwa na bakin ganye, ta zauna cikin jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa, ganyen ya bushe daga baki zuwa ciki.

Shinkafa ba ta rasa masu gadi ba. Idan ta ji baƙo, takan ƙara kaurin bangon ƙwayoyin jikinta, wani lokaci ma ta kashe ƙwayoyin da ke kusa don ta tsare hanya. Sai bakteriyar ta kafa wata siririyar allura, ta zuba furotin iri-iri a ciki. Wasu aikinsu toshe bakin masu gadin. Waɗanda suka fi ɗaure kai su ne na dangin TAL: suna wucewa har cibiyar ƙwaya, su zauna a kan makunnin ƙwayoyin gado da ake kira SWEET, su kunna su. Aikin SWEET fitar da sukari ne, sai shinkafar ta riƙa tuttuɗo abinci daidai inda maƙiyinta ke zaune. A ganina wannan ya fi kama da ɓarawon da ya yi jabun mabuɗi fiye da mai fasa katanga. A 2009 ne masana a Jamus da Amurka suka gano yadda furotin ɗin ke karanta makunnin. Irin bakteriyar Afirka kan SWEET14 ya fi dogara, da furotin TalC da TalF.

Garkuwar da ta fi suna, Xa21, daga shinkafar daji ta Mali aka samo ta, kuma ɗakin binciken Pamela Ronald a Jami'ar Kalifoniya ya ware ta a 1995. Tana gane bakteriyar ta wani ɗan furotin mai suna RaxX. Irin bakteriyar da ya sauya RaxX kuwa sai ya wuce ba a gan shi ba.

A 2019 aka gyara makunnan SWEET da fasahar CRISPR a cikin irin shinkafa IR64, jabun mabuɗin ya daina shiga. A shekarar ce kuma irin bakteriyar Asiya ya ɓulla a gonakin Morogoro a Tanzaniya, ɗauke da furotin da irin Afirka ba shi da su.