Hanyoyin Keke a Tsaunin Mambilla

Tsaunin Mambilla yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, kuma tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600. Mai son kwalta zai taso daga Serti, ya fara hawan dutse mai yawan kwana a Mayo Selbe, ya bi ta Maisamari da Nguroje har Gembu. Mai son hanyar burji kuwa sai ya ratse ta ƙauyen Yelwa zuwa dajin Ngel Nyaki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Maris, domin da damina laka da hazo kan tsayar da matafiyi. Gangarowa ta fi hawa haɗari, don haka a duba birki, a riƙi rigar sanyi, a yada zango kafin magariba.