Tarihin Tsiron Da Aka Ciyar Da Nama

Kowane ɗan makaranta ya sani dabba ita ke cin tsiro. Akuya ta ci ganye, fara ta ci dawa, tsutsa ta ci wake, ba mai mamakin wannan. Amma da za a ce muku akwai tsiron da ya ke kama ƙwaro ya cinye, in an ba shi nama ko ƙwai ya karɓa, in an ba shi sukari ya ƙi, da waɗansunku sai su ce tatsuniya a ke yi musu. To, gaskiya ce. Ga tarihin yadda aka tabbatar da ita a ƙasar Ingila, da irin abincin da aka yi ta miƙa wa tsiron nan, da amsar da ya bayar.

Tun cikin shekarar 1769 wani Bature mai suna John Ellis ya rubuta wa Linnaeus, babban malamin ilmin tsirrai na ƙasar Suwidin, takarda bisa wani tsiro na Karolina ta Amurka, wanda ganyensa ya ke rufewa kamar tarko in ƙuda ya sauka a kansa. Ellis ya zaci cin ƙudan tsiron ya ke yi. Linnaeus kuwa bai yarda ba, don a ganinsa wannan ya saɓa wa tsarin halitta. Da ya ke maganarsa tana da nauyi ga masu ilmi, sai aka yi shekara da shekaru ba wanda ya bi zancen har ƙarshensa.

Wanda ya bi shi shi ne Charles Darwin, wanda aka haifa a 1809, ya rasu a 1882. Cikin 1860, lokacin zafin ƙasarsu, ya tafi hutu wani ƙauye da a ke kira Hartfield a lardin Sussex. Yana yawo cikin wani fili mai dausayi sai ya lura da wani ɗan tsiro da ke kwance dab da ƙasa, ƙwari matattu sun manne a ganyayensa. Masu ilmin tsirrai suna kiransa Drosera, mutanen Ingila kuma suna ba shi suna mai ma'anar raɓar rana. Ganyensa bai fi farcen ɗan yatsa faɗi ba. Bisa kowane ganye akwai jajayen gasu tsaitsaye, ko wanne da ɗan kai kamar kan allura, a kan nan kuma akwai ɗigon ruwa mai yauƙi da danƙo, yana ƙyalli kamar raɓa, amma rana ba ta busar da shi.

Darwin bai tsaya ga kallo ba, sai ya shiga ƙirga. Ya tumɓuko tsiro 12 masu buɗaɗɗun ganyaye 56, ya iske 31 daga ciki suna ɗauke da gawar ƙwari ko ragowarsu. Ya ƙirga gasun ganyaye 31, ya ga mafi ƙaranci yana da 130, mafi yawa 260. Ya kuma lura da yadda kamun ke gudana. Ƙwaro ya sauka, danƙo ya riƙe masa ƙafa, sa'an nan gasun da ke kewaye su sunkuyo a hankali, su tura shi tsakiyar ganye, su lulluɓe shi. Bayan 'yan kwanaki su miƙe, ba abin da ya rage sai busasshen ɓawo.

Tambayar da ta tsaya masa ita ce, shin tsiron nan ya san abin da ya ke kamawa, ko kuwa kome ya taɓa shi sai ya rufe? Tsiro ba shi da baki balle ya ba da amsa, saboda haka Darwin ya kwashe tsirran ya kai gida, ya dasa su cikin faranti, ya shiga tambayarsu ta hanyar abinci.

Da fari ya ɗora musu abubuwan da ba su ciyuwa, watau ɓarɓashin gilashi, da takarda, da gawayi, da guntun toshiyar kwalba. Gasun suka sunkuya, amma ba su daɗe ba suka sake, kamar mutum ya sa tsakuwa a baka ya tofar. Ya yanki ɗan guntun gashin kan mace, wanda in ka raba nauyin ƙwayar sha'ir guda kashi 78,740 nauyinsa bai wuce kashi ɗaya ba, ya ɗora bisa kan gashin tsiron guda, sai ga shi ya sunkuya. Abin mamaki kuma, ruwan sama da ke zubo masa da ƙarfi ba ya sa shi motsi ko kaɗan. Da yana rufewa duk sa'ad da aka yi ruwa, da ya ƙare ƙarfinsa a banza.

Daga nan ya koma ga abubuwa masu ruwa-ruwa, yana ɗiga ɗigo guda a tsakiyar ganye. Ya ɗiga ruwan sukari, da ruwan ƙaro irin wannan da a ke ɗiba a dazukanmu, da ruwan sitaci, da man zaitun, da shayi, da barasa wadda aka sirka. Ganye 61 ya gwada da waɗannan, ko ɗaya bai motsa ba. Don kada a ce ganyayen sun mutu ne, sai ya ɗora wa waɗansunsu ɗan nama daga baya, suka rufe a kansa. Sa'an nan ya ɗiga madara, da farin ƙwai, da ruwan ɗanyen nama, da miyau, da majina, har da fitsari. Ganye 64 ya gwada da irin waɗannan, 63 suka rufe. Abin da ya raba kashi biyun nan shi ne wani sinadari da a ke kira naitirojin, wanda ke cikin nama da madara da fitsari, babu shi kuwa cikin sukari da mai. Shi ne kuma babban abin da taki ya ke ba gona.

Rufewa dabam, narkarwa dabam. Don ya san ko tsiron yana narkar da abin da ya kama, Darwin ya yayyanka dafaffen farin ƙwai ƙanana ƙanana masu kusurwa, ya ɗora waɗansu bisa ganye, waɗansu kuma ya ajiye bisa jiƙaƙƙen gansakuka kusa da su don kwatanci. Na bisa ganye kusurwoyinsu suka fara zagwanyewa, suka zama garau kamar ruwa, cikin kwana biyu ko uku suka ɓace. Naman da ya ajiye bisa gansakuka ya ruɓe, na bisa ganye kuwa ya narke ba tare da ruɓa ba. Ya iske ruwan danƙon nan yana yin tsami da zarar an ba ganye abinci. Ya ɗiga masa wani gishiri ɗan'uwan kanwa, wadda kowace mai tuwo ta san tana kashe tsami, sai narkarwa ta tsaya cik. Ya mayar da tsamin, ta ci gaba. Haka nan ruwan tumbin dabba ya ke aiki.

Da ya ga haka sai ya ƙara wa tsiron nauyi. Ya ba shi guringuntsin ƙafar tunkiya, ya narkar. Ya ba shi ɓallin ƙashin kaza, ya tausasa shi. Har ɓarɓashin haƙorin kare ya ba shi, ruwan ganyen ya ci shi. Amma farcen mutum, da dunƙulen gashi, da ƙashin gashin tsuntsu, da kitse, da ɓawon jikin ƙwaro, duk sun gagare shi, kamar dai yadda su ke gagarar ruwan tumbi. An kawo wa Darwin dafin gamsheƙa daga ƙasar Hindu, ya zuba wa ganye, yana tsammani zai mutu. Ganyen ya rufe da sauri, dafin bai kashe shi ba. Ya shaƙa masa maganin da likitoci su ke sa majinyaci barci da shi, sai ganyen ya sandare ya daina motsi na ɗan lokaci. Cuku kuwa da ɗanyen nama, in yankan ya yi girma, sukan lahanta ganye, wani ma ya mutu. Ashe har ga tsiro kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Aikin nan ya shiga ran Darwin ƙwarai, har a watan Nuwamba na 1860 ya rubuta wa abokinsa Charles Lyell cewa a lokacin nan ya fi damuwa da ɗan tsiron nan bisa ga asalin dukan halittun duniya. Duk da haka bai yi garaje ba. Sai da aka shekara 15, a 1875, kāna ya buga littafinsa bisa tsirrai masu cin ƙwari.

Da littafin ya fito, waɗansu masu ilmi suka ce to, an ji tsiron yana kamawa yana narkarwa, amma ina shaidar cewa abincin yana yi masa amfani? Wannan tambaya ce mai ƙarfi, don in babu amfani, duk abin ya zama wasa. Ɗansa Francis Darwin shi ya amsa ta. A 1877 ya dasa tsirrai wajen 200 cikin faranti 6, ya raba kowane faranti biyu, ya lulluɓe su da yadi mai shara-shara don kada ƙwari su shiga. Gefe guda ya riƙa ba su 'yan gutsattsarin gasasshen nama, ɗaya gefen ya bar su da yunwa. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, hasken rana ɗaya, nama kaɗai ya raba su. Waɗanda aka ciyar suka fi kore, suka fi fure, da aka auna irin da suka zuba kuma, nauyinsa ya yi kusan ninki huɗu na waɗanda aka hana. Ya buga sakamakon a 1878.

Dalilin duk wannan yana ga ƙasar da tsiron ke fitowa. Dausayi ne mai tsami, wanda naitirojin ya yi ƙaranci a cikinsa, saiwar tsiron kuma 'yar ƙarama ce. Sukari kuwa shi ke yin abinsa da kansa daga hasken rana da iska da ruwa, kamar kowane koren ganye. Misalinsa kamar manomi ne wanda rumbunsa ke cike da hatsi ya tafi kasuwa. In ka tallata masa gero sai ya wuce, gishiri ya zo nema. Abin da ƙasa ta hana tsiron nan shi ya ke nema a jikin ƙwaro.

Bincike bai tsaya nan ba. A 1873 wani likita mai suna John Burdon Sanderson ya gano cewa in an taɓa ganyen tsiron nan na Karolina mai tarko, wani ɗan motsi na lantarki yana ratsa shi, irin wanda ke ratsa jijiyar dabba. A 2016 masu bincike na jami'ar Würzburg a Jamus suka nuna cewa tsiron yana ƙirga taɓawa. Taɓi ɗaya ba ya rufe shi, na biyu in ya biyo da sauri sai tarko ya faɗa, wajen na biyar kuma a shiga shirya ruwan narkarwa sosai. Yau an san tsirrai masu cin ƙwari fiye da iri 600, akwai kuma dangin Drosera a waɗansu fadamun Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. Masu renonsu a tukwane sun koyi darasin cuku da nama, ƙananan ƙwari kaɗai su ke ba su, su shayar da su ruwan sama.

To, 'yan makaranta, ku dubi kayan aikin da aka yi wannan bincike da su: faranti, da allura, da gilashin ƙara girman abu, da ragowar abincin gida. Abin da ya ba aikin daraja shi ne ƙirga, da rubuta abin da aka gani, da ajiye wani kashi a gefe don kwatanci. Linnaeus ya fi Ellis suna, amma ganye 63 cikin 64 sun fi suna ƙarfi, gani kuwa ya kori ji. Wanda ya ke so ya gwada hanyar nan, ya sami tukwane biyu da ƙasa iri ɗaya, ya shuka masara a ciki, ya sa wa ɗaya taki ya hana ɗaya, ya riƙa auna tsawonsu kowace Jumma'a yana rubutawa, in sun yi wata biyu ya kai wa malaminsa lissafin.